Ba Kowace Ƙunar Ganye Ke Bukatar Feshi Ba

A wannan yanki na Adar da Majiya, daga Ibohaman zuwa Keita, daga Buza zuwa Madawa, da wuya ka shiga gidan 'yar kasuwa ba ka tarar da wani abu kore a tsakar gida ba. Wata dashen mangwaro mai aure ta sayo ta sa a tsohon bokiti, wata lemun tsami ne a rabin jarka, wata kuwa na'a-na'a ce ta shayi a gindin randa, ga zogale da lalle a jikin katanga. Akwai kuma waɗanda sana'arsu ke nan, su reni dashe a cikin leda su kai kasuwa. To amma da zarar hunturu ya kankama, har zuwa ƙarshen bazara, kukan kusan iri ɗaya ne a ko'ina, wato bakin ganye ya bushe ya koma ruwan ƙasa, kamar an gifta masa wuta. Uwargida na ganin haka sai ta ce ciwo ya kama shukarta, ta ɗebi kuɗin cinikin yini ta nufi teburin mai maganin feshi. Shi kuwa ba zai ce mata kada ta saya ba. A fesa yau, a fesa jibi, ƙunar na nan tana cin ganye, domin a mafi yawan lokuta ba ƙwaro ne ya kawo ta ba.

Matan wannan yanki dai ba baƙin itace ba ne. Idan mai karatu bai manta ba, tun a shekarar 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, domin tare iska, tare da taimakon ƙungiyar CARE. A 1984 kuma aka soma babban aikin raya karkara na Keita da kuɗin ƙasar Italiya, inda mata su ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da haƙa ramuka da dasa miliyoyin itatuwa a kan tuddai. Sai dai itacen da aka dasa a daji yana da faɗin ƙasa, saiwarsa na bin ruwa duk inda yake. Wanda ke cikin bokiti kuwa ɗan kurkuku ne, abin da muka zuba masa shi zai sha, mai kyau ko maras kyau.

Me ya sa bakin ganye ne ke fara ƙonewa? Duk wanda ya taɓa noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwa ta Ibohaman ya san halin mai gonar ƙarshen magudana. Shi ne ruwa ke iskewa a ƙarshe, idan kuma ruwan ya yi ƙaranci shi ne farkon wanda zai rasa. Haka abin yake a jikin shuka. Ruwa na shiga ta saiwa, ya hau ta kara, ya bi jijiyoyin ganye, sannan ya fice ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Tsinin ganye shi ne ƙarshen magudana. Saboda haka idan muka ga ya bushe, abin da shukar ke gaya mana shi ne ruwa bai isa can ba, ko kuwa ruwan da ya isa ya zo da wani abu mai ƙuna ya ajiye. Aikinmu shi ne mu gano inda hanyar ta toshe, ba mu hau ganyen da magani ba.

Babban mai laifi a gidajenmu, a ganinmu, shi ne gishiri, kuma shi ne wanda ba a cika zargi ba. Ba muna nufin wani ya ɗebo gishirin miya ya zuba ba. Kowane ruwan rijiya ko na famfo yana ɗauke da ɗan gishiri da kanwa da ya narko daga ƙasa, wata rijiyar kaɗan, wata da yawa har harshe na jin ɗanɗanonsa. Ku dubi bayan tsohuwar randa, za ku ga fari-fari ya kwanta a jikinta. Ruwan ne ya tsattsafo ya bushe, ya bar abin da ya ɗauko. To, a cikin bokitin shuka ma haka ake yi kullum. Mu zuba moɗa ɗaya da safe, rana ta shanye ruwan, gishirin ya zauna. Gobe a ƙara, jibi a ƙara. A ƙasar da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, sai shuka ta yi wata takwas ba ta ga ruwan saman da zai wanke mata ƙasa ba.

Mai sayar da kayan miya ta san abin da ke faruwa idan aka barbaɗa gishiri a kan yankakkiyar albasa ko tumatir: nan da nan ruwansu zai fito. Haka gishirin ƙasa ke yi wa saiwa. Ƙasa na jiƙe sharkaf, amma saiwa ta kasa jan ruwan, shuka tana ƙishirwa a tsakiyar ruwa. Ɗan abin da ta samu ta ja kuma, gishirinsa na taruwa a bakin ganye har ya kashe wurin. Alamar wannan ita ce ƙunar takan fara daga tsofaffin ganyaye na ƙasa, ta kama tsini sannan ta bi gefe-gefe, sau da yawa da ɗan layi rawaya tsakanin busasshen wuri da ɗanyen. Idan aka duba saman ƙasar ko bakin bokitin, sai a ga farin ɓawo.

Mu kanmu muna ƙara wa wutar itace ba da sani ba. Saboda tsadar ruwa da wahalar ɗaukarsa, ba mai son zubar da ruwan wanki a banza, sai a juye shi a gindin shuka. Ruwan da aka wanke shinkafa ko gero ko ganye da shi ba shi da laifi. Amma ruwan Omo da na sabulun wanki da na bilic, da ruwan da aka jiƙa kanwa ko aka wanke tukunyar miya, duk gishiri ne ake tara wa saiwa. Haka nan takin zamani. Yuriya da NPK 15-15-15 su ma irin aikin gishiri suke yi wa saiwa, abin da zai wadaci kunya guda a gona, idan aka zuba shi a bokiti ɗaya, kwana kaɗan ganye zai nuna. Ɗanyen kashin kaji wanda bai ruɓe ba, da tokar murhu mai yawa, duk tafiyarsu ɗaya. Wata takan ga ganye ya ƙone ta ce yunwa ce, ta ƙara taki, ashe takin ne ciwon.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne a ga shuka biyu suna shan ruwan rijiya ɗaya, ɗaya ta ƙone ɗaya tana sheƙi. Ba abin mamaki ba ne. Dabino na jure gishiri ƙwarai, shi ya sa yake rayuwa a wuraren da ƙasa ke da kanwa. Mangwaro da lemu kuwa ba su da wannan juriyar ko kaɗan, su ne ke fara kuka.

Maganin gishiri ba a sayensa a kasuwa. Da farko a kankare farin ɓawon nan da ƙasar da ke samansa kamar kaurin yatsa a zubar. Sannan a tabbata bokitin na da huji a gindi, ba ɗaya ba, kamar huɗu ko biyar, a ɗora shi a kan duwatsu yadda ruwa zai wuce. Sai a samo ruwa mafi daɗi da ake da shi, a riƙa zubawa a hankali, kimanin cikin bokitin sau biyu ko uku, ana bari yana fita ta ƙasa. Kada a tari wanda ya fito a mayar, shi ne ya kwaso gishirin. Mun san wannan ruwa ne mai yawa ga wadda ke sayen jarka, amma sau ɗaya ne a wata ɗaya ko biyu, kuma bai kai kuɗin kwalbar magani ba, balle kuɗin sabon dashe. Bayan haka a dakatar da kowane irin taki har sai sabon toho ya fito lafiya. Idan damina ta zo a fitar da bokitan ruwan sama ya dake su, wadda ke da hali kuma ta tari na indararo ta ajiye wa mangwaro da lemu. Akwai masu cewa a bar ruwa ya kwana, ko a tafasa shi. Kwana na iya rage warin maganin da ake sa wa ruwan famfo, amma ba ya cire gishiri, tafasawa kuwa ƙara masa ƙarfi take yi, tunda ruwan ne ke tashi gishirin ya zauna.

Ba kullum ne gishiri ke da laifi ba. Akwai shukar da kulawa ce ta yi mata yawa. Bokiti ba huji, ana ba ta ruwa safe da yamma, ƙasa ta zama taɓo. Saiwa na bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa, idan ta rasa sai ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuwa ba ta kai ruwa sama. Sai ganye ya yi yaushi, ya yi rawaya, baki ya bushe, mai shi ta ce ƙishirwa ce ta ƙara ruwa. Zogale ma da ba ya tsoron fari, wannan na kashe shi. Kafin a ɗauki moɗa, a tura yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu. In da danshi, a bari sai gobe. Idan ana shakka, a kifa bokitin a zare shukar da ƙasarta a duba. Lafiyayyar saiwa fara ce ko mai haske, kuma da ƙarfinta. Wadda ta lalace baƙa ce, tana saɓulewa a hannu, tana wari. A yanke ruɓaɓɓen, a sake ƙasa da wadda aka gauraya da yashi da tsohon takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai. In kuma an tarar saiwar ta nannaɗe kamar gammo ta cika bokitin, to wuri ne ya yi mata kaɗan, a ba ta babba ko a sauke ta ƙasa.

Sai kuma iska da rana. Busasshiyar iskar hunturu na zuƙe ruwan ganye fiye da yadda saiwa ke iya kawowa, a watannin Afrilu da Mayu kuma zafi kan haura digiri 40. Baƙar leda ko bokitin ƙarfe da aka ajiye a kan siminti a tsakar rana dafa saiwa suke yi. Wannan ƙunar takan fi yawa a ɓangaren da ke fuskantar iska ko ranar yamma, ba ta kuma zaɓar tsoho ko sabon ganye. Zana ɗaya ta wajen gabas da arewa, inda hunturu ke busowa, da ɗan inuwa bayan azahar, sun wadatar. A tara shukokin wuri ɗaya, a rufe saman ƙasar da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa, a ba da ruwa da sassafe, mai yawa har ya fito ta gindi, maimakon yayyafin da ba ya wuce sama. Tukunyar ƙasa ta fi roba sanyi, sai dai ta fi saurin bushewa.

Ga masu fataucin dashe, a nan ne asara ta fi yawa. A ɗora ledoji a saman mota a buɗe tun daga Konni ko Maraɗi, iskar hanya ta yi ta dukansu sa'o'i, kafin a sauke kaya ganye ya soye, mai saye kuma ya taya da rabin kuɗi. A shayar da su tun daren tafiya, a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, idan an isa a ba su kwana biyu ko uku a inuwa kafin a baje su a kasuwa. Mai saye kuma ta ɗaga ledar ta dubi gindi da saman ƙasa, ta dubi sabon toho. Kada jan ganyen da mangwaro ke fitarwa ya tsorata ta, haka sabon ganyensa yake, mai laushi ja-ja, daga baya ya koma kore.

Bakin da ya riga ya bushe ba zai sake yin kore ba, ko me aka zuba. Ana iya datse shi da almakashi mai tsabta don kyan gani, a bar ɗan siririn busasshen layi, kada a shiga cikin ɗanyen. Kada kuma a tsige ganyen gaba ɗaya matuƙar fiye da rabinsa kore ne, domin da shi shuka ke ci. Ganyen da zai fito bayan mako uku ko huɗu shi ne zai nuna ko an dace.

Akwai dai inda ƙwaro ko cuta ke da hannu, kuma masu harkar albasa, a wannan ƙasa da ta yi suna da albasar Galmi, su suka fi cin karo da shi. Idan albasa ta ƙosa, bushewar bakin lawashi da kwanciyar wuya alamar girbi ce. Amma idan tana ƙarama aka ga ganyen ya yi zane-zane fari mai ƙyalli, baki na bushewa yana murɗewa, a buɗe tsakanin ganyayen a wajen wuya. Za a ga wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari masu ruwan ɗorawa suna gudu, su ne ke tsotse ruwan ganyen, kuma sun fi yawa idan zafi ya fara. Idan kuwa tabo ne mai zobe-zobe, mai launin shunayya a tsakiyar ganye, ko baƙaƙen ɗigo a ganyen mangwaro lokacin damina, wannan cuta ce, maganinta kuma daban yake da na ƙwari. A nan ne ya kamata a yanki ganyen a sa a leda a kai wa malamin gona ya gani kafin a sayi komai. A tambaye shi kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a tsinka, domin lawashi da zogale da na'a-na'a ganyensu ake ci, kuma daga gonar tire suke hawa zuwa kasuwa.