Shamuwa Ta Sauka, Amma Kada A Yi Gaggawar Shuka

Bazara ta kama. Hazo ya ɗauke, iska ta fara juyowa daga kudu, ɗaki ba ya kwanuwa da dare. A wannan lokaci ne manoman ƙasar Funtua da Malumfashi su kan riƙa ɗaga kai suna duban rimi da kuka da tsamiyar bakin kasuwa, ko shamuwa ta sauka.

Kowa ya san kamanninta, baƙa ce mai farin ciki da dogayen ƙafafu. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda ta kan tafi in ta bar mu da kaka. Can ta ke cin rani a gabas da kudancin Afirka, wajen Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, gama sa'ad da mu ke fama da hunturu su kuwa damina su ke yi. Idan ruwansu ya ɗauke sai ta kamo hanya, ta iso mana tsakanin Afrilu da Mayu. Watau ita ba ta san rani ba, damina biyu ta ke ci kowace shekara. Abincinta fara ne da tsutsa, shi ya sa tun kaka da kakanni ba a jifarta, ba a taɓa sheƙarta.

To, ga inda magana ta ke. Mutane da yawa da sun ga shamuwa sai su ce ruwa ya zo, a fito da iri. Jama'a, a yi hattara. Shamuwa ba don shukarmu ta zo ba, don 'ya'yanta ta zo. Sai ta tara kirare ta gyara sheƙa, ta yi ƙwai biyu ko uku, ta kwanta a kansu kamar wata guda. Bukatarta ita ce su ƙyanƙyashe daidai lokacin da ciyawa ta tofo, fara ta yi yawa. Saboda haka dole ne ta riga damina zuwa. Gaskiya ne zuwanta alama ce ruwa ya kusa, amma kwana nawa ya rage? Wannan ba wanda zai faɗa sai wanda ya rubuta.

Abin ba na wasa ba ne. Gero ya kan jure binne, ya kan jure 'yar fari bayan ya tsiro. Masara ba ta da wannan haƙuri, mu kuwa nan ƙasar masara ce. Wanda ya zuba irin da ya saya da tsada bayan yayyafin fari, rana ta buɗe mako biyu, ya yi asarar iri, ya yi asarar kuɗin ƙwadago, ga shi zai sake saye lokacin da iri ya yi wuya a kasuwa. Shawarar malaman gona ita ce a jira ruwan da ya kai inci ɗaya, watau milimita 25, wanda ya ratsa ƙasa sosai, kuma a ga alamar wani na biye da shi. Auduga ma ba ta cikin wannan magana, shukarta sai Yuni ya yi nisa.

Don haka ina roƙon kowace ƙungiyar manoma, daga Bakori har Ƙafur, daga Ɗanja har Ɗandume, ta sayi littafi ɗaya ta ba wani mai ilmi a cikinta, ko malamin makaranta ko akawu. Boko ko ajami, duk ɗaya ne. Ya rubuta ranar da a ka fara ganin shamuwa, da bishiyar da ta sauka, da yawansu. A gefe ya rubuta ranar ruwan fari, da ranar ruwan shuka, da ranar da a ka yi shukar da ta tsaya. Abin da ya gani da idonsa kaɗai zai rubuta, ban da "an ce". In ya ga tsuntsun da bai sani ba, ya faɗi girmansa da launinsa, kada ya laƙa masa suna da ka. Littafin shekara ɗaya ba ya koya kome. Amma in an tara na shekara biyar ko goma, gari zai san tazarar da ke tsakanin shamuwarsa da ruwansa, ya gwada da kintacen da hukumar NiMet ta ke fitarwa farkon kowace shekara.

In littafi ya samu, a sa sauran tsuntsaye. Wanda ya ke kusa da madatsar Mairuwa ya ƙirga kirinjijiya da zalɓe. Tsattsewar da ta ci rani tare da mu tana komawa Turai a Maris da Afrilu, a rubuta ranar da a ka daina ganinta. Wanda ya tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, ya kwafe lambar, gama masu bincike ne su ka sa shi don su san hanyar da ya bi. Garken jan-baki kuwa, wannan ban da rubutu a gaggauta gaya wa malamin gona.

Ku dubi ungulu. Dā ba mahautar da ba ta cika da su ba, yau yaro sai ya girma bai ga ko ɗaya ba, har a 2015 a ka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya. Tambayi dattawan Funtua shekarar da ta fara raguwa, kowa zai faɗi tasa.

Masu wayar zamani suna iya aika abin da su ka gani ga cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos, wadda ta fara tattara taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015. Wanda ba shi da waya ya riƙe littafinsa, ya nuna wa malamin gona ran da ya zo rangadi.