Dabino a Ngaundare: Ba Sanyi Ne Matsalar Ba

'Yan kasuwarmu masu sauke dabinon Cadi a Garwa sukan tambaya: me zai hana a dasa shi a Ngaundare? Wasu na cewa sanyin tudun nan mai tsayin mita 1,100 ne zai kashe shi. Ko kaɗan. Itacen na jure sanyi. A garin Elche na ƙasar Sifen ma akwai dubbansa. 'Ya'yan ne ba sa nuna sai da zafi da busasshiyar iska, ruwan sama kuwa ruɓar da su yake yi. Ga shi daminar Ngaundare wata 7 ce. Mai son zuba jarinsa, Marwa ta fi masa. Kuma ya dasa tsiron gindin macen dabino, domin ƙwallo kusan rabinsa namiji yake fitowa, ba ka ganewa sai bayan shekaru.