Wasan Ƙarshe Gida da Waje: Yadda Ake Lissafin Kofin Zakarun Afirka

 Tambayar da ke yawan tayar da gardama a teburin mai shayi ita ce: ta yaya ƙungiya za ta ci wasan ƙarshe, amma a miƙa kofi ga wadda ta sha kashi? To, ga bayanin.

A gasar Zakarun Afirka ta hukumar CAF, wasan ƙarshe zubi biyu ne: ɗaya a gidan wannan, ɗaya a gidan wancan. Ba a ɗaga kofi sai an haɗa ƙwallayen duka biyun. Kamar ɗan kasuwa ne da ya ci kasuwa biyu, ba ya sanin ribarsa sai ya haɗa cinikin. A 2003 Enyimba ta Najeriya ta ci Ismaily 2-0 a Aba, aka ci ta 1-0 a Masar. Jimilla 2-1, kofi ya tafi Aba.

To idan jimilla ta zo daidai fa? Sai a duba wanda ya fi zura ƙwallo a gidan abokin karawarsa. Idan nan ma kunnen doki ne, sai bugun fenareti.

Mutanen Garwa sun san zafin wannan doka. A 2008 Coton Sport ta kai wasan ƙarshe, Al Ahly ta doke ta 2-0 a Alƙahira. A filin Roumdé Adjia, ƙwallo biyu kawai take nema ta rama. Sai baƙin suka riga ta ci. Ka ga nan take lissafi ya canza: ko ta zura uku, jimilla 3-3 ce, kuma ƙwallon waje ta ba Masarawa. Dole sai huɗu. Aka tashi 2-2, Al Ahly ta ɗauki kofinta na 6.

Daga 2020 zuwa 2022 CAF ta gwada wasa ɗaya tal, amma a 2023 ta koma gida da waje.

Saboda haka, malam, ranar zubi na biyu, kafin ka kunna rediyo, ka riƙe sakamakon farko a ka. Kuma kada ka yi saurin murna don mai gida ya ci ɗaya. Tambayi: nawa baƙo ya zura?