Ƙananan Halittu Masu Wanke Ruwan Ƙazanta

A shekarar 2017 ciwon shawara mai kama hanta ya ɓarke a jihar Diffa. Daga ruwan da kashi ya gurɓata ake ɗaukarsa. Ya fi ɓarna a wuraren ƴan gudun hijira, kuma mata masu ciki ne suka fi mutuwa. Tun lokacin, in na fita zagayen makarantun yaƙi da jahilci, nakan tsaya in dubi ruwan wanka da wanki da ke kwance a bayan gidaje. Da damina yakan gangara Komadugu, inda muke ban ruwan tattasai da kamun kifi.

Akwai dabarar tsabtace wannan ruwa ba da inji ba. A Jamus wata masaniya, Käthe Seidel, ta fara gwada ta wajen shekarun 1950. A Yamai ma malaman Jami'ar Abdu Mumuni sun gwada tace ruwan ƙazanta da ciyayin ruwa.

Dabarar ita ce a yi fadama da hannu. Ana haƙa rami mai faɗi, zurfinsa kamar santimita 60. A daɓe shi da yumɓu don kada ƙazanta ta sauka cikin rijiya. A cika shi da tsakuwa, a dasa kacala ko burgu. Ruwa zai shiga ta gefe guda, ya yi kwanaki yana ratsa tsakuwa, ya fita ta ɗaya gefen.

To, wa ke aikin? Da yawa za su ce ciyawa. A gaskiya yawancin aikin na wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Mun saba jin sunansu wajen cuta, amma mafi yawansu ba sa cutar da kowa. Santsin nan da kake ji a jikin dutsen da ya daɗe a ruwa, gidansu ke nan. Suna manne wa tsakuwa da saiwa, ƙazanta kuwa ita ce abincinsu.

Kuma sun raba aiki kamar ƴan gayya. Karan kacala yana da ƙofofi a ciki, ta nan iska ke sauka zuwa saiwa. Masu son iska suna zama kusa da saiwa, suna cin guntun abinci da maiƙo, suna juya zarnin fitsari ya zama irin gishirin taki. Can nesa da saiwa, inda babu iska, wasu sukan karɓi wannan gishiri su mayar da shi iska ya tashi. Zafin ƙasarmu yana ƙara musu kuzari.

Amma suna da rai, ana iya kashe su. Kada a zuba baƙin man injin ban ruwa ko ragowar maganin feshin tattasai a ramin. Ruwan ya tsaya ƙarƙashin tsakuwa. In ya fito fili, an yi wa sauro gida.

Kacala ma sai da lura. A fadamar Haɗeja da Nguru, inda ruwan Komadugu ke biyowa, ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki. A riƙa yanke ta kafin ta yi iri.

Ruwan da ya fito yakan yi haske, warinsa ya ragu, amma ƙwayoyin cuta ba su ƙare ba. Ba na sha ba ne, ba na alwala ba. A ba itatuwa, ban da salat da duk ganyen da ake ci ɗanye.