FILIN MANOMA: Ɗakin Kayan Gyara A Gidan Manomi

Tun daga shekarar 1928, da aka fara koya wa manoman Arewa huɗa da shanu, ƙarfe mai noti ya shigo gidan manomi, kullum kuwa sai ƙaruwa ya ke yi. A dā fartanya da garma da lauje su ne kayan aiki, in sun dakushe a kai wa maƙeri. Yanzu ga garmar shanu, ga amalanke, ga keke ko babur, ga injin ban ruwa a fadama, ga kuma tulun feshi. Dukansu noti ne ke riƙe da su, noti kuwa ba ya jin lallashin hannu.

Sau da yawa ruwa ya kan sauka da dare, gari ya waye ƙasa ta jiƙa, a ɗaura wa shanu karkiya, sa'an nan a tarar notin bakin garma ya kwance. Sifana kuwa tana gidan wanda ya ara tun bara. Kafin a je a dawo rana ta take, shanu ba su iya aiki cikin zafi. An yi hasarar yini guda ke nan saboda ɗan ƙarfen da bai fi tsawon tafin hannu ba. Maganin wannan abu uku ne: a sayi kayan da suka dace da notocin gidan, a zaɓi masu ƙarko, a kuma ba kowane wurin zamansa.

SANIN SIFANA

Lambar da ke jikin sifana faɗin kan noti ta ke nunawa, da awon milimita. Babura da injunan ban ruwa na Japan da Sin galibi lamba 8 da 10 da 12 da 14 da 17 su ke ci. Kayan ƙasashen Turai sun fi cin 13 da 17 da 19. Amma tsofaffin garmunan Ingila, irin Emcot ta kamfanin Ransomes, da awon inci aka yi notocinsu, lambar da ke jikin tsofaffin sifanoninsu kuwa kaurin ƙusar ta ke nufi, ba faɗin kan notin ba.

Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Watau notin da faɗin kansa rabin inci ne ya zama 12.7. Sifana 12 ba ta shigarsa, 13 kuwa ta yi masa ɗan yawa. In aka dinga tilasta masa 13 sai kusurwoyinsa su cinye, ya koma kamar kwabo, daga nan sai dai a sare shi. Saboda haka manomi mai dabara ya kan kwance noti ɗaya daga garmarsa, ya sa aljihu, ya gwada shi a kasuwa kafin ya biya.

Sifana iri uku ce. Mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kaɗai ta ke kamawa, amma tana shiga wuri matsattse. Mai zobe tana kewaye kan notin duka, ita ce ta kwance wanda ya yi tsatsa, ba safai ta kan zame ba. Ta ukun ita ce wadda a kan buɗe bakinta a tsuke. Mutane suna sonta don wai guda ɗaya ta isa kome, amma bakinta ya kan saki da an matsa mata, ta fi kowace lalata noti. A ajiye ta don ranar da aka rasa lamba. Wanda kuɗinsa kaɗan ne ya nemi mai zobe a gefe ɗaya, buɗaɗɗen baki a ɗayan, lamba huɗu ko biyar da ya tabbata yana bukata. Filaya kuwa ta lanƙwasa waya ce da riƙe ƙaramin abu, kada a sa ta a noti. In ana kwance noti mai tauri a jawo sifana wajen jiki, kada a tura, domin in ta zame wa mai turawa yatsunsa ne za su daki ƙarfe.

NA MAƘERI DA NA KANTI

Kowane da inda ya fi. Fartanya da gatari da gizago da kurfi, na maƙeri sun fi dacewa, balle in da ƙarfen sifirin mota ya ƙera su. Suna riƙe kaifi, in sun cinye a mayar masa ya buɗa bakin, ya kuma san irin ƙasar garin da tsawon mai aikin. Amma sifana da sukurdireba da magagari da zarton ƙarfe sai na kanti, gama aikinsu na awo ne daidai wa daida.

Cikin na kanti ma akwai na kirki, akwai na banza. Sifana mai kyau a kan ga an buga mata “Cr-V”, alamar ƙarfe mai tauri ke nan, ko da ya ke masu jabu ma sun koyi buga ta. Sai a duba bakin. In leɓunan biyu ba su miƙe daidai ba, ko jikin yana da kaushi kamar an zuba shi cikin yashi, a bar ta. Tsohuwar sifana ta hannu, irin wadda a kan samu a Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, sau da yawa ta fi sabuwa mai sheƙi ƙarko. Araha dai ba ta ado.

Ban da sifana, abin da gidan manomi ke bukata bai taka kara ya karya ba: hama mai nauyin kamar rabin kilo, filaya, sukurdireba biyu, mai faffaɗan baki da mai bakin tauraro, magagari, zarton ƙarfe, dutsen washi, da gwangwanin giris. Mai injin ban ruwa ko babur ya ƙara da sifanar fulogi, mai keke ko amalanke ya ƙara da famfo da kayan faci.

Magagari wajen turawa kaɗai ya ke ci, saboda haka a ɗaga shi wajen dawowa, in ba haka ba haƙoransa su mutu da wuri. A sa masa ƙota, don tsinin gindinsa ya kan huda tafin hannu. Haƙoran zarton ƙarfe kuma gaba su ke duba in an ɗaura shi daidai. In ƙotar hama ta yi sako-sako, waɗansu su kan jiƙa ta a ruwa. Wannan gyaran yini ɗaya ne, da itacen ya bushe sai ya fi dā saki. A buga masa ɗan tsinken ƙarfe ta sama, ko a sake ƙota da itace mai tauri kamar marke.

WURIN AJIYA

Ba sai an gina sabon ɗaki ba. Kusurwar zaure ko ɗan shago mai ƙofa da kwaɗo ya isa, muddin rufin ba ya yoyo. A kafa faffaɗan katako a bango, a buga ƙusoshi, a rataye kowane abu, sa'an nan a bi gefensa da fenti ko gawayi a zana siffarsa. Amfanin wannan zane babba ne. Da maraice mai gida ya ɗaga ido sau ɗaya, in ya ga siffar filaya babu filaya ya san abin da zai tambaya tun yara ba su manta inda suka yar ba.

A jera sifanoni daga ƙarama zuwa babba. Masu nauyi su zauna ƙasa-ƙasa, masu kaifi can sama inda hannun yaro ba ya kai. Notoci da ƙusoshi a raba su cikin gwangwanayen madara, kowane girma da nasa. A nan ne kuma za a ajiye bakin garma na sauyi, da fulogi guda, da robobin tulun feshi, gama su ne ke mutuwa ana tsakiyar aiki. Kada a bar kome kwance a ƙasa, laima ta ci ƙarfen, gara ta ci ƙotar. Garmar shanu ma a ɗora ta bisa duwatsu. Sifanoni biyun da garma ke ci kuwa a yi musu 'yar jaka tare da noti biyu, su riƙa bin ta gona.

Akwai abin da ya shafi rai. Fetur da maganin feshi kada su kwana ɗaki ɗaya da mutane, ko kusa da hatsi da murhu. Kada kuma a ta da inji cikin rufaffen ɗaki. Cikin hayaƙinsa akwai wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mutum yana zaune.

TSATSA DA ARO

In an gama huɗar ƙarshe a wanke garma, a bari ta bushe, a shafe bakin da fukafukan da baƙin mai, a cusa giris a gindin tayar. Bokitin yashi da aka zuba wa ɗan baƙin mai yana da amfani, a caka fartanya ciki sau uku ko huɗu, ta fito a goge a kuma shafe. Amma baƙin mai guba ne. Kada a zubar da shi a gona ko kusa da rijiya, wuƙa da laujen yankan ganye kuwa man gyaɗa za a shafa musu.

Aro ba ya hanuwa tsakanin maƙwabta, kuma bai kamata a hana ba. Sai dai a ɗiga wa kayan gida fenti launi ɗaya, a rubuta sunan mai aro da alli cikin siffar abin da ya ɗauka. Akawu ko ɗan kasuwa da 'yan ƙodago ke yi wa noma ya damƙa mabuɗin a hannun mutum ɗaya, a ƙirga kaya da safe, a ƙirga da yamma.

Lokacin wannan aiki duka rani ne, sa'ad da kuɗin amfanin gona ke hannu, maƙera kuma ba su cika da jama'a ba. Manomi ya fito da garmarsa tsakar gida, ya bi notocinta ɗaya ɗaya, ya ga wanda ba shi da sifanarsa, ya saya ranar kasuwa mai zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.