Mahendra Nath Mulla

Kyaftin Mahendra Nath Mulla (15 ga Mayu 1926 – 9 ga Disamba 1971) hafsan sojan ruwa ne ɗan ƙasar Indiya. Shi ne kwamandan jirgin yaƙi INS Khukri, wanda ya nutse tare da shi a Tekun Larabawa lokacin yaƙin Indiya da Pakistan na shekarar 1971.

Farkon rayuwa da aiki

An haife shi a garin Gorakhpur da ke jihar Uttar Pradesh ta yanzu. Ya zama hafsa a rundunar sojan ruwan Indiya a 1948, shekara guda bayan ƙasar ta sami 'yancin kai, ya yi ta samun ƙarin girma har ya kai muƙamin kyaftin.

Nutsewar Khukri

Khukri matsakaicin jirgin yaƙi ne ƙirar Birtaniya, an ƙera shi don farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Sunan ya samo asali daga lanƙwasasshiyar wuƙar nan ta mayaƙan Gurkha. A farkon Disamba 1971 Indiya ta gano cewa akwai jirgin ƙarƙashin ruwa na Pakistan kusa da gaɓar Diu, sai aka tura Khukri da INS Kirpan su nemo shi. Jirgin da ake nema shi ne PNS Hangor, sabo ƙirar Faransa, wanda na'urorinsa na sauraro suka fi na Khukri jin nesa. Ga shi kuma Khukri yana tafiya a hankali saboda gwajin wata na'ura da aka ɗora masa.

Daren 9 ga Disamba Hangor ya harba makamin tofido ya sami Khukri. Cikin 'yan mintuna jirgin ya nutse. Mulla yana da damar tsira, amma ya tsaya yana fitar da mutanensa. Waɗanda suka kuɓuta sun ba da labarin cewa ya miƙa rigar cetonsa ga wani ƙaramin soja, ya koma ɗakin tuƙi. Hafsoshi 18 da ƙananan sojoji 176 ne suka mutu. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wannan ne karon farko da jirgin ƙarƙashin ruwa ya nutsar da jirgin yaƙi.

Karramawa

Bayan rasuwarsa an ba shi lambar Maha Vir Chakra, ta biyu a daraja cikin lambobin jarumtar yaƙi na Indiya. A Diu an gina wurin tunawa da mamatan a kan wani tudu mai fuskantar teku. Hangor kuwa yana ajiye a gidan tarihin sojan ruwa da ke Karachi.