Albashi da Bashi: Lissafin Koyon Kanikanci a Kwalejin Al'umma ta Amurka

Matashin da ya gama sakandare a Amurka, ya kuma ƙuduri zama bakanike, hanyoyi uku ne a gabansa. Ko dai ya shiga gareji kai tsaye ya fara daga juyen baƙin mai da canjin taya, ko ya biya kuɗi mai tsoka a makarantar 'yan kasuwa, ko kuma ya nufi kwalejin al'umma. Waɗannan kwalejoji na jihohi ne da gundumomi, karatunsu shekara biyu ne, a ƙarshe su ba da ƙaramin digiri. Ko wannan takarda tana mayar da kuɗin da aka kashe mata? A ganina tana mayarwa, amma sai an yi lissafin da kyau, domin nauyin da ya fi danne sabon bakanike ba ya cikin takardar kuɗin makaranta.

Mu fara da kuɗin makarantar. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024, matsakaicin abin da ɗan yanki ke biya a kwalejin al'umma dala 3,990 ne a shekara, bisa ƙididdigar College Board. A Kalifoniya dala 46 ake biyan kowane ma'aunin darasi, digirin kuma yana buƙatar kimanin 60, wato ƙasa da dala 3,000 ke nan baki ɗaya. Jihar Tennessee tun 2015 ta ɗauke wa sababbin masu gama sakandare wannan kuɗi. Sannan ga tallafin Pell na gwamnatin tarayya, wanda ba a mayarwa, iyakarsa dala 7,395 a shekara, ana nemansa ta cike takardar FAFSA. Ɗan gidan da ba shi da ƙarfi yana iya gama karatun bai biya ko sisi daga aljihunsa ba. Sai dai wannan rangwame na 'yan ƙasa ne da masu takardar zama ta dindindin. Ɗalibin da ya taso daga Kano ko Maraɗi da bizar karatu ba ya samun Pell, kuma farashin baƙi zai biya, wanda ya kan ninka na 'yan yanki sau biyu ko uku.

To daga ina bashin ke fitowa? Daga haya, da abinci, da man mota, da awoyin da ɗalibi ya yi a aji maimakon wurin aiki. Gwamnatin tarayya tana ba ɗalibin da ke ƙarƙashin iyayensa rancen da bai wuce dala 5,500 ba a shekarar farko, da 6,500 a ta biyu. Rancen da aka karɓa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 kuɗin ruwansa kashi 6.53 cikin ɗari ne, ana fara biya wata shida bayan barin makaranta. A ce mutum ya ci dala 10,000, zai biya cikin shekara goma. Duk wata zai riƙa ba da kusan dala 114, a ƙarshe ya tarar ya ɗora kimanin 3,600 na ruwa a kan uwar kuɗin. Takwaransa da ya je makarantar 'yan kasuwa irin su Universal Technical Institute ko Lincoln Tech, inda kuɗin karatu ya kan haura dala 30,000, idan ya fito da bashin 35,000 zai riƙa biyan kusan 400 a wata. Ya ma fi haka, tunda rancen gwamnati ba zai ishe shi ba, sai iyaye sun karɓo nasu ko an je banki, inda ruwan ya kan fi tsada. Su biyun kuma a gareji ɗaya za su nemi aiki.

Yanzu ga albashi. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ce a watan Mayun 2023 matsakaicin abin da bakaniken mota ke samu dala 47,770 ne a shekara. Yadda ake fitar da wannan adadi shi ne a jera dukkan kanikawan ƙasar daga mai samun kaɗan zuwa mai samun da yawa, a ɗauki na tsakiya. A layin nan akwai wanda ya shekara ashirin yana kwance inji. Sabon shiga yana can kusa da farkon layi, inda kashi goma cikin ɗari ba su kai dala 31,000 ba, su kuma kashi goma na can ƙarshe sun haura 77,000. Saboda haka da adadin ƙasa ya kamata a auna bashi. Dala 31,000 a shekara kimanin 2,580 ke nan a wata, kafin a cire haraji da inshorar lafiya. Dala 114 a cikin wannan abu ne mai yiwuwa. Dala 400 kuwa ta fi kashi goma sha biyar cikin ɗari, ga haya tana jira.

Akwai kuma yadda ake biyan albashin, kuma nan ne baƙo ya fi ruɗewa. Yawancin garejin dillalan motoci ba sa biyan ƙwararren bakanike gwargwadon awoyin da ya yi a wurin aiki. Akwai kundin da ya yanka wa kowane gyara lokacinsa. A ce kundin ya ba canjin birki awa biyu, ladan bakaniken kuma dala 25 ne a awa. Idan ya gama cikin awa ɗaya, dala 50 zai karɓa, ya janyo wata motar. Idan noti ya yi tsatsa ya cije, kamar yadda ya kan faru a jihohin arewa irin su Michigan da Ohio inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ya shafe awa huɗu yana fama, dala 50 ɗin dai ce. Ranar da motoci ba su shigo ba, a jihohi da yawa abin da zai samu bai taka kara ya karya ba. Gyaran da ake yi a ƙarƙashin garanti kuwa, kamfanin motar ne ke yanka lokacin, kuma ya kan yanka shi a matse. Gwani mai saurin hannu yana iya tara awa sittin na kundi a makon da ya yi awa arba'in. Sabon hannu ya kan tara ƙasa da abin da ya yi, alhali bashin makaranta bai san makon kasuwa da makon rashinta ba.

Sai kayan aiki. Yaron gareji a Kano da sifanar ogansa yake koyo, amma a Amurka gareji na'urar ɗaga mota da manyan na'urori kawai yake tanada. Sifana, da soket, da mitar wuta, da akwatin zuba su, duk na bakanike ne, kuma tarinsu ya kan ci dubban daloli cikin 'yan shekaru. Motocin kamfanoni irin su Snap-on da Matco da Mac Tools suna zagayowa gareji duk mako, su ba da kaya bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Kayan suna da kyau, biyan mako-mako kuma ba ya tsorata mutum, shi ya sa yaro ɗan shekara ashirin ke iya wayar gari bashin akwatinsa ya fi na makarantarsa. Wannan bashi ba ya fitowa a kowace ƙididdigar ilimi. Ɗalibi mai wayo ya kan sayi muhimman kayan tun yana makaranta, lokacin da kamfanonin ke yi wa ɗalibai ragi mai yawa. A Kalifoniya doka ta ce ma'aikacin da aka wajabta wa zuwa da kayan aikinsa sai an biya shi aƙalla ninki biyu na mafi ƙarancin albashi.

Abin da ke matsar da mutum gaba a layin albashi shi ne shaidar ƙwarewa ta ASE, cibiyar da aka kafa a 1972. Jarrabawa takwas ake ci kafin a zama babban gwani, daga inji da giya zuwa birki, da wuta, da na'urar sanyaya mota, kuma duk shekara biyar ake sabunta su. Ana buƙatar shekara biyu ta aikin hannu, amma karatun shekara biyu yana tsayawa a madadin ɗaya. Wannan riba ce ta zahiri da digirin ke kawowa. Wadda ta fi ta ita ce shirye-shiryen da kamfanonin mota ke gudanarwa a cikin kwalejojin, kamar T-TEN na Toyota, da ASSET na Ford, da ASEP na General Motors, da PACT na Honda. Ɗalibi yana raba lokacinsa tsakanin aji da garejin dillali inda ake biyansa, don haka bashinsa ya ragu, kuma sau da yawa garejin ne ke riƙe shi bayan ya gama.

Mai son duba wata kwaleji ta musamman yana iya buɗe shafin College Scorecard na Ma'aikatar Ilimi, wanda tun 2019 yake nuna albashi da bashi fanni-fanni. Sai dai waɗanda suka karɓi tallafi ko rancen tarayya kuma suka kammala kaɗai ake ƙirgawa a alƙaluman fannin, in ɗaliban ba su da yawa ma a bar gurbin babu komai. Waɗanda suka yanke karatu a tsakiya ba sa ciki, alhali su ne suka fi kasa biya, ko da bashinsu kaɗan ne, domin sun ci rancen ba su samu takardar ba. Bashin karatu kuma yana da wuyar yafewa ko a kotun karayar arziki.

Aikin kansa ba ya shirin ƙarewa. A 2024 matsakaicin shekarun motar da ke kan titin Amurka ya kai 12.6, tsohuwar mota kuwa kullum tana neman bakanike. Sai dai motar lantarki ba ta buƙatar juyen mai ko canjin fulogi, wato ƙananan ayyukan da sababbi ke fara ci da su za su ragu a hankali, kuɗin ya koma wajen mai iya bin waya da karanta kwamfutar mota. Wanda ya karkata zuwa manyan motocin dizal ma yana da gaba, domin a 2023 matsakaicin albashin kanikawansu ya kusa dala 59,000, sama da na kanikawan ƙananan motoci da fiye da dubu goma.